Rana Ta Wadata a Illela, Amma Hasken Magani Sai da Awo

A watan Afrilu, ranar Illela ba ta raga wa kowa. Duk da haka mai fama da soriyasis, ciwon da ke sa fata ta yi kauri tana zubar da farin ɓawo a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai, ba ya warkewa don ya yini a kasuwar shanu. Hasken da likitoci ke amfani da shi aunanne ne.

Tushen ciwon yana cikin garkuwar jiki. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T suna taruwa a fata, su riƙa fitar da sinadarin IL-17, sai fatar da kan sabunta kanta cikin kusan wata guda ta koma yin haka cikin kwana 3 zuwa 4. Hasken UVB mai tsawon zango nanomita 311 yana kashe waɗannan ƙwayoyi a inda suka taru, ya rage sinadarin, ya kuma ƙarfafa ƙwayoyin da ke kwantar da garkuwar. Sauran jiki bai cika taɓuwa ba.

Dalilin da ya sa likitocin fata suka karkata ga hasken UVB ke nan. Kafin a kai ga haka, a 1925 likita Goeckerman ya haɗa haske da kwalta a Amurka. A 1974 aka fito da PUVA, mai haɗa haske da ƙwayar sha, daga baya aka gano yawan yinsa na jawo kansar fata. Binciken Parrish da Jaenicke na 1981 ne ya nuna zangon da ya fi aiki.

Ga mutumin Illela ko maƙwabciyarta Birnin Ƙonni, matsalar ita ce zirga-zirga. Ana shiga na'urar hasken sau 2 ko 3 a mako, har zama 20 zuwa 30, kuma baƙar fata na bukatar awo mafi yawa. Likitan fata kuwa sai an je Sakkwato.

Shi ya sa da yawa ke tsayawa a kemis. A baƙar fata tabon kan yi toka-toka, a ɗauka makero ne ko kirci, a sayi man shafawa mai sitiroyid. Ya lafa, a daina, ya dawo da ƙarfi, musamman da hunturu. Kulorokwin ma na iya tayar da shi.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Wanda ɓawon fatarsa ya ƙi jin maganin makero, ya nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.