Jikin Kifi Shaidar Ambaliya

Tsakanin Jenne da Tumbuktu a ƙasar Mali, kogin Neja yakan rarrabu ya malale cikin wata makekiyar fadama. A nan masunta 'yan ƙabilar Bozo ke cin abinci, kuma kasuwar Mopti ce babbar matattarar kifinsu. Abin da kifin wannan wuri ke koyarwa ya shafi duk mai sana'ar su.

Kifin fadama ba ya girma daidai wa daida duk shekara. Ruwan da aka yi a tsaunukan Gini yakan iso wajen watan Agusta, ya kai ƙololuwa a Oktoba ko Nuwamba. A lokacin ne karfasa da tarwaɗa da kurungu ke bazuwa cikin ciyawar burgu, su hayayyafa, su ci tsutsa da ƙwari da 'ya'yan ciyawa har su tara kitse. Wani ɗan ƙaramin kifi mai suna tineni yakan yi kitsen da har Bozo ke tatsar mai daga jikinsa. Da ruwa ya janye, sai kifi ya cunkushe a tafkuna da tsakiyar kogi, abinci ya yi ƙaranci, girma ya tsaya, ya koma cin kitsensa. Ga kifi mai ɓawo, wannan tsayawar takan bar zobe a jikin ɓawonsa, kuma da ƙirga zoben ake gane shekarunsa.

Masana suna da hanyar auna ƙibar kifi mai sauƙi. Sukan ninka nauyinsa na giram da 100, sannan su raba da tsawonsa na santimita da aka ninka a kansa sau uku. Karfasa mai santimita 20 da giram 160 za ta ba da 2. Mai wannan tsawo da giram 120 kuwa 1.5. Tsawonsu ɗaya, amma ta biyun ta sha wuya. Sharaɗin dai shi ne a gwada jinsi ɗaya a lokaci ɗaya, domin ƙwai a ciki yana ƙara nauyi, kuma tarwaɗa doguwa ce tun asali.

Tun da ƙibar kifi ta dogara ne da ruwa, ambaliya ita ce gonar masunci. A farin shekarar 1984 ruwa bai rufe ko rabin filin da ya saba rufewa ba, kifin da ake kamawa ya ragu ƙwarai. Madatsar Markala ta 1947 da ta Selinge ta farkon shekarun 1980 su ma suna rage ruwan da ke isa fadamar. Ga kuma raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe kifi tun bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba.

Masuntan Yawuri da Gaya da ke kan wannan kogi, da na Nguru, su lura: idan kifi ya fara ƙanƙancewa yana ramewa, a binciki ruwa da raga. Sarakunan ruwa su hana raga mai ƙananan idanu, hukumomin madatsu kuma su riƙa sakin ruwa a kan lokacinsa.