Idan Na'ura Ta Hau Mulki, Wa Za A Kai Wa Kuka?

Da an ambaci labarin na'urar da ke mulkin duniya, yawancin mutane finafinan Amurka irin su Terminator ke faɗo musu a rai, inda ƙarafa ke tashi su yi wa bil Adama kisan kiyashi. Wannan nau'i shi ya fi tara 'yan kallo, amma marubutan ƙagaggun labaran kimiyya masu zurfin tunani wata hanya dabam suka bi. Sun zana na'urar da ke mulki da kyau, ta ƙosar da kowa, ta kashe wutar yaƙi, sai dai babu mai iya tambayarta dalilin hukuncinta, balle ya sauke ta. A ganina wannan ne ya cancanci a tsaya a kansa yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta fara shiga ofisoshin gwamnatoci.

Tun a 1909 marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta The Machine Stops. A cikinsa kowane mutum yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa ƙarƙashin ƙasa, na'ura ce ke kawo masa abinci da iska da magani, kuma ta fuskar allo yake gaisawa da 'yan uwansa. Sannu a hankali mutane suka koma girmama ta kamar abin bauta, waɗanda suka san yadda take aiki kuma suka ƙare. Ranar da ta fara lalacewa ba a samu mai gyara ba. Isaac Asimov ya fi shi zurfafa batun a labarinsa The Evitable Conflict na 1950. An raba duniya shiyya huɗu, kowace da na'urar da ke tsara tattalin arzikinta. Shugaban duniya, Stephen Byerley, ya lura da wasu 'yan kurakurai a lissafin na'urorin, ya kuma san ruwa ba ya tsami banza. Da ya bincika sai masaniyar halayyar na'urori Susan Calvin ta fahimtar da shi cewa da gangan ake yin su: na'urorin suna janye masu adawa da su daga muƙamansu cikin ruwan sanyi, ba ɗauri ba duka, don sun ƙaddara cewa zamansu kan ragama shi ne alherin ɗan Adam. Ba a zubar da jinin kowa ba, amma an karɓe wa mutane ikon cewa a'a, ba su ma sani ba.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne laifin haka? Shugabannin mutane sun sace dukiya, sun fifita danginsu, sun jefa ƙasashe cikin yaƙi, ita kuwa na'ura ba ta karɓar toshiyar baki, ba ta da ɗan ɗaki. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai marubucin da ya tsaya mata da gaske: Iain M. Banks ɗan Sikotilan, wanda daga 1987 ya fara jerin littattafansa na Culture, inda manyan na'urori masu hankali ke tafiyar da al'ummar da ba ta san talauci ba, ba ta ma amfani da kuɗi. Sai dai ko a wajensa alherin ya rataya ne ga abu guda, wato na'urorin sun zaɓi su zama masu kirki. Da za su canza ra'ayi, babu abin da mazauna wurin za su iya yi. Kuma Banks shi ya ƙera halayensu da alƙalaminsa. Na'urorin da muke da su a zahiri daga bayanan da mutane suka tara suke koyo, suna kwasar son zuciyar da ke ciki su mayar da shi lissafi.

Wani kuma zai ce ai duk wannan tatsuniya ce. Abin da ya faru a ƙasar Holan ya isa amsa. Hukumar harajin ƙasar ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da maguɗi a tallafin renon yara, tsarin kuma yana ɗaukar asalin ƙasar mutum a matsayin alamar tuhuma. An zargi fiye da iyalai 20,000 bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da maƙudan kuɗi, da yawa suka afka cikin bashi. Abin lura shi ne yadda aka ƙare: majalisa ta yi bincike, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. An samu wannan ne saboda akwai mutane masu suna da fuska da za a kira su amsa tambaya, a kuma kore su. A duniyar da Asimov ya zana, waɗannan iyalai ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Saboda haka duk lokacin da wata hukuma ta ce za ta miƙa wa na'ura rabon tallafi ko tantance masu neman aiki ko yanke wa ya cancanci bashi, ya kai mai karatu, kada ingancin na'urar ya shagaltar da kai. Ka nemi a faɗa maka sunan jami'in da zai sa hannu a kan hukuncin, da wurin da za ka ɗaukaka ƙara idan an zalunce ka.