Mene ne Vías Verdes na ƙasar Sifaniya?

Da wuya a yi batun yawon buɗe ido a kan keke a karkarar Sifaniya ba a ambaci Vías Verdes ba, wato korayen hanyoyi. Galibinsu tsofaffin layukan dogo ne da jirgi ya daina bi, aka tuge ƙarafunan, aka gyara su domin masu keke da masu tafiya a ƙafa. An fara shirin a 1993. Yau tsawonsu ya haura kilomita 3,000, kusan ninki bakwai na layin dogon Kwatano zuwa Parakou.

Tun da jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsauri, hanyoyin a shimfiɗe suke, yaro da dattijo duk suna iya tuƙawa. An kuma hana motoci da babura bin su. Hanyar Sierra da ke Andalus, daga Olvera zuwa Puerto Serrano, kilomita 36 ce, tana ratsa ramuka 30 da aka huda a cikin duwatsu.

Wa ke cin moriya? Ƙauyukan da matasa suka ƙaurace musu. An mayar da tsofaffin tashoshin jirgi masaukin baƙi da gidajen abinci da shagunan hayar keke, mazauna suna samun na cefane.