Sunan na tsoho ne, dodon sabo: me ya sa maimaicin tsofaffin finafinai ke ɓata wa ƴan kallo rai?

Tun ranar da muka taɓo zancen tsofaffin finafinan dodanni a filinmu na matasa, wayar gidan rediyo ba ta huta ba. An kira daga Bagalam da Mokoyo, an kira daga Tibiri da Jiratawa, ƴan uwanmu da ke neman kuɗi a Libiya da Aljeriya da Abijan su ma sun yi ta aiko saƙon murya ta WhatsApp. Koken kusan ɗaya ne: mutum ya je wurin masu turin fim ya biya kuɗinsa, ko ya ƙone katin intanet ɗinsa, don ya nuna wa ƴaƴansa fim ɗin da ya hana shi barci yana yaro, sai ya tarar suna ne kawai iri ɗaya. Fim ɗin sabon zubi ne, kuma babu armashi. Lokacin da aka ba mu a iska bai isa mu warware zancen ba, shi ya sa muka zauna muka rubuta.

Mene ne maimai, kuma don me ake yin sa?

Maimai shi ne kamfani ya ɗauko labarin fim ɗin da ya riga ya fita, ya sake ɗaukarsa da sababbin ƴan wasa da sababbin kayan aiki. Ya bambanta da kashi na biyu, inda labari ke ci gaba daga wurin da ya tsaya. Ya kuma bambanta da fassarar da Algaita da takwarorinta ke yi a Kano, inda hoton na nan yadda yake, murya kawai ake mayarwa Hausa.

Dalilin yin sa kuwa kasuwa ce. Fim ɗin dodo na cin kuɗi masu yawa, kuma mai zuba jari na tsoron asara. Sunan da duniya ta riga ta sani ba ya bukatar dogon talla. Kamar ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi: ya fi son ya sari kayan da mutane suka san tambarinsu, ko da abin da ke cikin kwalin ya sauya. Wani lokacin kuma kamfanin ne ke riƙe da haƙƙin mallakar labarin, ba ya son ya bar shi a ajiye ba ya kawo komai.

Macijiya: fim ɗin da aka fi kira a kansa

A nan ƙasar Hausa, idan aka ce fim ɗin ban tsoro, da yawa Indiya ce ke fara zo musu a rai. Nagin, wanda Rajkumar Kohli ya ba da umarni a 1976, shi ne wanda iyayenmu ke kira fim ɗin macijiya. Reena Roy ce macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace. An harbe mijinta bisa kuskure, ta ga hoton mutanen a cikin idonsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar fansa. Babu kwamfuta a aikin. Maciji ne na gaske, da kiɗan sarewa, da idon mace mai cike da baƙin ciki. A 1979 daraktan ya ƙara da Jaani Dushman, na dodon nan mai gashi da ke sace amare.

To, a 2002 shi wannan darakta da kansa ya fito da Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani. Ya ari suna daga fim ɗinsa na 1979, ya ari ƙashin labari daga Nagin, sai dai ya juya shi: namijin macijin ne ke ɗaukar fansa, kuma ɗansa Armaan Kohli ya ba wa wannan matsayi. Ya tara manyan jarumai, su Sunny Deol da Akshay Kumar da Manisha Koirala. Amma fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwa. Macijin zanen kwamfuta ne da ko yaro ya san ba na gaske ba ne, an kuma kwaikwayi wasu fitattun wurare na The Matrix da Terminator 2 ƙiri-ƙiri. Yau a Indiya ana kallonsa ne don a yi dariya. Mata da dama da suka kira mu sun ce abin da ya riƙe su a na farko tausayin macijiyar ne, a na biyu kuwa ba su ga wanda za su tausaya wa ba.

Godzilla: dodon da aka cire wa ma'ana

Wannan shi ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙar. Kamfanin Toho na Japan ya fitar da Godzilla a 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Shekara tara ke nan bayan bam ɗin nukiliya ya faɗa kan Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na wannan shekara kuma, ƙurar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta sauka kan wani jirgin masuntan Japan, ta sa musu ciwo. Saboda haka da ƴan Japan suka ga dodo ya fito daga teku yana ƙone birnin Tokyo, sun san abin da ake nufi. Dodon bam ne da ya yi ƙafafu. Mutum ne, Haruo Nakajima, a cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattake ƙananan gidajen da aka ƙera. Nauyin rigar ne ya ba dodon tafiyar nan tasa ta ƙasaita.

A 1998 Amurkawa suka yi nasu, Roland Emmerich ya ba da umarni. Suka ɗora laifin kan gwajin nukiliyar Faransa a tekun Fasifik, suka mayar da dodon ƙaton ƙadangare mai gudu, yana ɓuya tsakanin benayen New York, a ƙarshe jiragen yaƙi suka kashe shi da makamai masu linzami. Masoya suka ce wannan ba Godzilla ba ne, domin na asali ba ya gudun kowa, kuma harsashi ba ya yi masa komai. Toho ta rama a 2004: ta sa wa dodon Amurka suna Zilla, ta haɗa shi faɗa da na asali a fim ɗin Final Wars, aka gama da shi kafin mai kallo ya gyara zama.

Sauran da aka ambata

Masu son ƙagen kimiyya sun kawo Total Recall. Na 1990 na Arnold Schwarzenegger ne, wanda mu nan muka fi sani da Kwamando, kuma rabin daɗinsa tafiya ce duniyar Mars. Na 2012, da Colin Farrell, ko ƙafa ba a taka Mars ba. RoboCop na 1987 ma an sake shi a 2014, aka rage masa zafi don ƙananan matasa su samu shiga silima, aka sa wa ɗan sandan baƙar riga. Sai The Mummy na 2017, da Tom Cruise da ƴar Aljeriya Sofia Boutella. Kamfanin Universal ya so ya buɗe jerin finafinan dodanni da shi, amma da ƴan kallo suka juya baya aka ajiye shirin.

Abu huɗu da ke kawo ɓacin ran

Na farko, ana nuna dodon fiye da kima. A da rashin kayan aiki kan tilasta wa darakta ya ɓoye shi: inuwa, sawu, kuka daga nesa. Duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniyar dodo a tsakar gida ya san ba ta taɓa zana masa shi ba, shi ya ƙera shi a zuciyarsa, kuma wanda ka ƙera da kanka ya fi ban tsoro.

Na biyu, nauyi. King Kong na 1933 ɗan gunki ne da bai kai rabin mita ba, ana motsa shi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Duk da haka abu ne da hannu ke taɓawa, haske na sauka a kansa. Zanen kwamfuta idan an yi shi cikin gaggawa, ido na ganewa cewa ƙafar ba ta taka ƙasa ba.

Na uku, a ɗauki fatar labari a bar cikinsa, kamar yadda muka gani a Godzilla da macijiya. Kama da wane ba ta wane.

Na huɗu kuwa, a faɗi gaskiya, laifin namu ne. Ni ma na zauna kan benci a gidan bidiyo, na biya dala biyar, janareto na ƙara, mu hamsin muna ihu lokaci guda. Yanzu ni kaɗai nake kallo a ƴar waya. Ba fim ɗin kaɗai muke nema ba, ƙuruciyarmu muke nema, kuma babu kamfanin da zai iya dawo da ita. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ba kowane maimai ne ɓatacce ba

Matasan da suka kira daga fadodinsu sun ƙalubalanci manya, kuma suna da hujja. The Mummy na 1999 da muke yabo, shi kansa maimaicin na 1932 ne. King Kong an sake shi a 1976, aka kuma sake shi a 2005, na ƙarshen ya ci lambobin Oscar uku. Godzilla Minus One na 2023, da kwamfuta aka yi dodonsa, ma'aikata 35 kacal, ya ci Oscar na gwanintar haɗa hoto a 2024. Abin da ya yi shi ne ya mayar da labarin Japan ta bayan yaƙi, cikin mutanen da suka rasa gida da dangi. Ashe kwamfuta ba ita ce mai laifi ba.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan, domin al'adar ta iso gida. Ali Nuhu ya sake ɗaukar Mujadala a 2018 da sababbin fuskoki, kuma irin wannan gardama ta tashi tsakanin waɗanda suka kalli na farko a kaset da ƙannensu. Mu ma a Nijar muna da abin tunawa: Toula, fim ɗin marigayi Moustapha Alassane na 1973, labarin budurwar da aka sadaukar ga aljanin ruwa lokacin fari. Ya fito ne a shekarun da fari ke cin Sahel, don haka kowa ya ji shi a jikinsa. Ranar da wani matashin Maraɗi zai ɗauko irin wannan labari, ko na macijin rijiyar Kusugu ta Daura, tambayar da ke jiransa ita ce: tsoron me mutanenmu ke kwana da shi yau? Manomin Jiratawa da ke duban sama da ɗan Tibiri da ke tsallaka hamada suna da amsa.

Kafin nan, ga shawara. In za a tura maka fim, tambayi shekararsa, kada ka tsaya ga suna. Ka sa a buɗe maka farkonsa ka gani kafin ka biya. Iyaye kuma a riƙa dubawa kafin a miƙa wa yara waya, don wasu sababbin zubin na ɗauke da abin da bai dace da tarbiyyarmu ba.

Layinmu a buɗe yake. Wane tsohon fim ne kuke ganin bai kamata a taɓa shi ba, wanne ne kuma maimaicinsa ya fi na asali? Ƴan uwa na nesa, ku ci gaba da aiko saƙon murya, za mu sa su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.