Kafin Ka Jona Shi da Wuta: Yadda Ake Tada Injin da Ya Daɗe a Ajiye

'Yan uwa ɗalibai, da zarar hunturu ya yi sallama, zafin watan Maris ya fara leƙowa, kowa sai ya tuna da fankarsa. Wata tana ƙarƙashin gado tun Nuwamba, wata kuma an bar ta a ɗakin kwana tun kafin dogon hutu. Abin da muka saba yi guda ne: a kaɗe ƙura da tsumma, a cusa filogi a soket, a murɗa. In ta yi gurnani ba ta juya ba, sai a sa biro a tura fuka-fukin, a ce bari ta ɗau zafi tukuna. To injina da yawa a wannan mintin farko suke ƙonewa. Wani lokacin kuɗin gyara kawai za a yi asara, wani lokacin kuwa har da katifa da takardun da ke kusa.

Ni ina shekarar ƙarshe a sashen lantarki, kuma ɗan Yako ne, a ƙaramar hukumar Ƙiru. A wajenmu ajiye inji wata da watanni abu ne na kowace shekara. Manomin rani a ƙasar Bebeji, inda aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yakan jingine famfonsa duk tsawon damina. Tela yana da keke na biyu da ba ya taɓa shi sai ɗinkin Salla ya matso. Duk waɗannan, da fankar ɗalibi, da ɗan moton da muke sa wa a furojet, ƙa'idarsu ɗaya ce: wuta ita ce ta ƙarshe. Ido da hanci da hannu da mita su ne za su riga ta.

Abin da ajiya ke yi wa inji

Na farko, mai yana bushewa. Giris da man da aka sa a bushin ko boris suna yin kauri in sun daɗe ba motsi, har su koma kamar ƙaro, su riƙe sandar da ke juyawa. Na biyu, ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa, in ta haɗu da wannan tsohon man sai ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a hankali. Na uku, laima. Mutanen Tudun Wada da Doguwa sun fi na cikin birni sanin wannan, domin damina ta fi nauyi a kudancin jihar. Laima tana kawo tsatsa, tana kuma raunana fentin da ya raba wayoyin koyil da juna. Na huɗu, baƙi. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a cikin moto, ɓera yana gwaguyar waya, kyankyaso yana ƙwai a cikin makunni.

Me ya sa injin da ya ƙi juyawa yake ƙonewa?

Moton da ke juyawa yana haifar da wani ƙarfin lantarki nasa na kansa wanda ke tunkuɗe wutar da ke shigowa. Shi ne ke rage yawan wutar da koyil ke sha. In moto ya tsaya cik, wannan garkuwar babu ita.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce moton bolt 12 ne, koyil ɗinsa om 10. Yana cikin gudu yana tunkuɗo bolt 9, saura 3 ke nan, a raba da 10, yana shan amfiya 0.3. In ya maƙale, duk bolt 12 ne a kansa, yana shan amfiya 1.2. Wuta ta ninka sau 4, zafi kuwa sau 16, domin shi zafi da murabba'in wutar yake tafiya. Ga shi kuma iskar da ke sanyaya shi ta tsaya tare da shi. Wannan gurnanin da kake ji, koyil ne ke dahuwa. Saboda haka in ka kunna inji ya yi ƙugi bai motsa ba, kashe shi nan take, kar ka ƙirga ko biyar.

Darasi daga masu ƙananan jiragen ƙasa

Mu da muka tashi a gefen dogon da ya taso daga Zariya ya isa Kano a 1911 mun san jirgin ƙasa na gaske, wanda tazarar ƙarafan hanyarsa ta kai milimita 1,067. A Turai da Amurka kuwa akwai manya masu furfura da ke tara ƙananan jirage masu aiki da lantarki, irin na kamfanonin Märklin na Jamus, da Hornby na Ingila, da Lionel na Amurka. Girman da ya fi yaɗuwa shi ne wanda suke kira HO: an rage jirgin gaske sau 87, tazarar dogonsa milimita 16.5 kacal, kuma galibinsu da wutar da ba ta wuce bolt 12 zuwa 16 ba suke tafiya.

Irin wannan jirgi yakan yi shekara 30 ko 40 a kwali kafin jika ya gaje shi. Moton cikinsa bai fi babban yatsa ba, wayar koyil ɗinsa kamar gashi, daƙiƙu kaɗan na maƙalewa sun isa su gama da shi. Shi ya sa masu wannan sha'awa ba sa ɗora tsohon kan jirgi a dogo su murɗa. Sai sun buɗe shi, sun wanke tsohon mai, sun goge ƙafafun da ke ɗaukar wuta, sun ɗiga sabon mai da bakin allura, sannan su fara ba shi wuta daga sifili suna ƙarawa. Wannan tsarin nasu shi ne zan jero muku, don ya dace da kayanmu tsaf.

1. Karanta tambarin jikinsa

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kayan gwanjo da yawa daga can suke zuwa, kuma filogi ba ya gaya maka komai tunda ana iya canja shi. In ka ga 110 ko 120 a tambari, sai da taransifoma mai rage wuta. In kuma moton batir ne, duba bolt nawa yake so kafin ka nemo masa caja.

2. Ido da hanci

Cire filogi, cire batir, sannan ka kwance murfi. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowace waya, za ka gode wa kanka wajen mayarwa. Bi igiyar wuta daga filogi har cikin inji kana lanƙwasa ta a hankali. In robar ta tsage ko ta bushe tana fashewa, canja igiyar gaba ɗaya, naɗe ta da salatif ba gyara ba ne. Duba koyil: lafiyayye launin jan ƙarfe ne da shi mai sheƙi, ƙonanne kuwa baƙi ne, yana warin da ba ya ɓuya. Kakkaɓe gidan zanzaro da busasshen burushi.

A fanka akwai kafasita, wannan 'yar baƙar ko farar aba mai waya biyu. Ita ke ba moto turin farko. In ta kumbura ko ta zubo da mai, ta mutu. Sayi mai lamba daidai da tata, ta fankar sama yawanci 2 zuwa 2.5 ce, kuma ana samu a kasuwar Sabon Gari. Kafasita tana iya riƙe wuta bayan an cire filogi, don haka haɗa bakinta biyu da sukudireba mai mariƙin roba kafin ka taɓa.

3. Hannu

Juya sandar moto da yatsu. Fanka lafiyayya in ka tura ta za ta yi 'yan zagaye kafin ta tsaya. In ta tsaya nan take, ko ka ji tana kartar wani abu, ba ta isa shan wuta ba tukuna. Famfon ruwa na lantarki yana da 'yar farfela a baya, ta nan ake juya shi. Amma in ka ji tauri a inda akwai giya, musamman ta roba, kar ka sa ƙarfi. Haƙorin giya ya fi daskararren giris saurin karyewa.

4. Wanki, sannan mai

Sabon mai a kan tsohon datti aikin banza ne. Goge sandar da bushin da tsumma mai ɗan kananzir, ka bari su bushe. Kar ka kawo fetur ɗakin kwana don wannan aikin. Man da ya dace shi ne man keken ɗinki, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane bushin. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo bayan 'yan makonni, baƙin mai kuwa cike yake da dattin injin da ya fito.

Moton keken ɗinki, da na na'urar markaɗe, da na ƙaramin jirgin da na ambata, suna da kabon guda biyu masu gogar wani zoben jan ƙarfe mai tsage-tsage a jikin armeca. Nan wurin mai haramun ne. Goge zoben da auduga da sifirit har ya yi haske, ka yashe tsagoginsa da tsinken sakace, domin garin kabon da ya cika su yana haɗe wuta. In kabon ya cinye ya kusa kai wa ga sifirin ɗinsa, canja duka biyun tare.

5. Mita

Sa mita a ma'aunin om, ka kunna makunnin injin ba tare da an jona shi ba. Tsakanin ƙafafun filogi biyu masu ɗaukar wuta ya kamata ka ga wata lamba. In babu komai, waya ta tsinke, ko ɗan fiyus ɗin zafi da ke ɓoye a jikin koyil ya yanke. In ka ga kusan sifili a ɗan ƙaramin inji irin fanka, wayoyi sun haɗe. Sai gwaji mafi muhimmanci: tsakanin kowace ɗaya daga cikin ƙafafun nan biyu da ƙarfen jikin injin. Nan bai kamata mita ta nuna wata hanya ba sam. In ta nuna, wannan injin zai ja mutum.

Ga babban moto irin na famfo, ƙaramar mita ba ta wadatar ba. Ana amfani da Megger a bolt 500, kuma abin da aka saba nema shi ne kar ya gaza om miliyan ɗaya. In ya gaza saboda laima, shanya shi a rana kwana ɗaya ko biyu ka sake aunawa. Ku roƙi malaman ɗakin gwaji su nuna muku yadda ake riƙe ta, don tana ja.

6. Wuta kaɗan-kaɗan

Moton bolt 12, fara shi da bolt 3 a na'urar ɗakin gwaji kana kallon amfiya, sannan ka ƙara. In lambar ta yi tsalle sama moto bai motsa ba, koma mataki na uku. Ga ƙananan kayan wutar gida, masu gyara suna bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 kafin ta isa inji. In ƙwan ya yi ja-ja inji yana juyawa a hankali, lafiya. In ya haska tar, akwai haɗewa a ciki, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, kuma dabarar ba ta yi wa injin da ya fi ƙwan ƙarfi. A ɗakin gwaji ake haɗa wannan, da mazaunin ƙwai na kirki, a gaban malami.

In ya tashi, bar shi ya yi minti goma ba tare da kaya ba, kana tsaye a wurin, a kan siminti nesa da katifa da labule. Kashe, cire filogi, taɓa jikinsa da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. Zafin da ba ka iya jure wa, ko wari, ko tartsatsi mai yawa a wurin kabon, alamar tsayawa ce. Shi famfo kuma kar a kunna shi babu ruwa a ciki, abin toshe yoyonsa da ruwa yake sanyaya. In Allah ya kiyaye wuta ta kama, katse lantarki tukuna, ka yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara. Ruwa a kan injin da ke jone kashe kai ne.

Maganar batir

Fanka mai caji da ta yi watanni a ajiye, sau da yawa moton lafiya lau yake, batir ne ya tafi. Batirin dalma na bolt 6 in ya cika yakan nuna kusan 6.3, na bolt 12 kuma 12.6 zuwa sama. In aka bar shi a ƙare na dogon lokaci ba ya ƙara riƙe caji yadda ya kamata. Na litiyam kuwa, mai bolt 3.7, in ya kumbura ko ya faɗi ƙasa da 2.5, kar ka yi masa cajin dole da wata caja, irinsa ne ke kamawa da wuta. Kuma kada ka sa tsohon batir a caji ka kulle ɗaki ka tafi lacca.

Inda aikinka ya ƙare

Koyil da ya yi baƙi, jikin inji da ke ja bayan an shanya shi, sandar da ta lanƙwashe, waɗannan na masu naɗin koyil ne. Kai musu, ka gaya musu abin da ka auna, za su san ba da baƙo suke ciniki ba.

Sauƙin tada inji kuwa tun ranar ajiye shi ake nemansa. Kafin ku tafi hutun da ke tafe, ku goge kayanku, ku ɗiga mai, ku cire ƙananan batira daga cikinsu. Batir mai caji a cika shi, in da hali a sake masa caji duk bayan wata biyu ko uku. A rufe inji da tsumma ko kwali, a ɗora shi a kan katako, kar ya zauna a kan siminti kai tsaye. Wanda ya bar inji a gida, ya roƙi ƙanensa ya riƙa juya masa sandar da hannu sau ɗaya a wata. Duk wannan bai kai aikin rabin awa ba, kuma kuɗin da za a ba mai naɗin koyil ya fi amfani a rajistar zango mai zuwa.