Kuɗin gidauniyoyi da haƙƙin mata a arewacin Nijeriya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 sakamakon juna biyu ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya.

Lamarin ya fi ƙamari a karkara, kamar yankin Wasagu na masarautar Zuru a jihar Kebbi, inda hare-haren 'yan bindiga suka ƙara wa mai naƙuda wahalar isa asibiti.

Yawancin ƙungiyoyin da ke fafutukar kare irin waɗannan mata dai sun daɗe suna dogara da tallafin gidauniyoyin Amurka, kamar Ford, wadda ke da ofishi a Legas tun 1960, da MacArthur, wadda ta buɗe nata a Nijeriya a 1994.

Wannan ne ma ya sa wasu ke yi musu kallon 'yan amshin shatan Turawa, masu neman ƙayyade iyali ko halatta zubar da ciki, abin da dokar Nijeriya ta haramta sai dai domin ceton ran uwa.

Sai dai manyan nasarorin ƙungiyoyin a arewa sun samu ne ta hanyar shari'ar Musulunci.

A watan Satumbar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina Lawal. Ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB ne suka tsaya mata, kuma daga cikin hujjojin lauyoyinta har da batun kwantaccen ciki na mazhabar Malikiyya.

Daga baya WRAPA ta samu tallafin MacArthur domin aiki tare da malamai da alƙalai a jihohin arewa maso yamma kan auren dole da saki da ciyarwa.

To amma kuɗin waje ba su da tabbas. MacArthur ta rufe shirinta na lafiyar mata masu haihuwa, bayan ta karkata ga yaƙi da cin hanci.

Shi kuwa tallafin gwamnatin Amurka, siyasa ce ke juya shi. A 1984 Shugaba Reagan ya hana ba da kuɗi ga ƙungiyoyin waje masu ba da shawara kan zubar da ciki. Shugabannin jam'iyyar Dimokurat kan soke dokar, na Rifablikan kuma su maido da ita, kamar yadda Donald Trump ya yi a Janairun 2025, shekarar da aka rushe hukumar USAID.

Jihar Kebbi ta kafa dokar kare haƙƙin yara da ta hana cin zarafi a 2022. Aiwatar da su a wurare irin su Wasagu na buƙatar lauyoyi da ungozomomi da masu wayar da kai, kuma nauyin biyan su yana ƙara dawowa kan gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na gida.