John Hancock: Attajirin da rikicin kwastan ya mayar jagoran neman 'yanci

A Amurka, idan aka ce wa mutum ya ɗora "John Hancock" ɗinsa a kan takarda, ana nufin ya rattaba hannu. Maganar ta samo asali ne daga takardar ayyana 'yancin ƙasar ta 1776, inda sa hannun Hancock ya fi na kowa girma. Sai dai mutumin bai taso a ɗan tawaye ba. Ɗan kasuwa ne da ya ci moriyar mulkin Birtaniya kafin ya juya mata baya.

An haife shi a 1737 a yankin Massachusetts. Mahaifinsa, wanda limamin coci ne, ya rasu yana ɗan shekara 7, sai baffansa Thomas Hancock, babban attajirin Boston, ya riƙe shi. Ya kammala Harvard a 1754, ya koyi fatauci a kamfanin baffan nasa, sannan ya gaje shi a 1764: jiragen ruwa, kantuna, filaye, har da bayin da ke hidima a gidan.

Gadon ya zo ne daidai lokacin da Birtaniya, wadda bashin yaƙi da Faransa ya yi wa katutu, ta fara ɗora wa yankunan da take mulka sababbin haraji, ta kuma tsananta binciken kaya a tashoshin ruwa. A watan Yunin 1768 jami'an kwastan suka ƙwace jirginsa mai suna Liberty, bisa zargin an sauke giya da dare ba a biya kuɗin fito ba. Mutanen Boston suka yi bore, har jami'an suka tsere suka fake a jirgin yaƙi. Lauyansa, John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya kare shi har gwamnati ta janye ƙarar, amma jirgin bai dawo hannunsa ba. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko ya yi fasa-ƙwaurin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, shari'ar ta mayar da shi gwarzo a idon talakawa.

Daga nan ba ja da baya. Da yaƙi ya ɓarke a 1775, Janar Thomas Gage ya yi tayin afuwa ga duk wanda ya ajiye makami, ban da mutum biyu: Samuel Adams da Hancock. A shekarar ce ya zama shugaban majalisar wakilan yankuna 13, muƙamin da ya sa shi fara sa hannu a takardar 'yancin. Da tawayen ya ci tura, dukiyarsa da wuyansa duk suna cikin haɗari.

Ba a rasa abin faɗa a kansa ba. Son ado da taƙama sun ɓata tsakaninsa da Samuel Adams na tsawon shekaru. Ya kuma riƙe baitulmalin Harvard daga 1773, ya yi ta jan ƙafa wajen ba da lissafi, ba a biya ragowar kuɗin ba sai bayan rasuwarsa. Abin mamaki ne daga mutumin da ya girma a kan littafin ciniki.

Jama'a dai ba su guje shi ba. Sun zaɓe shi gwamnan Massachusetts na farko a 1780, kuma a 1788 goyon bayansa ya taimaka jihar ta amince da kundin tsarin mulkin Amurka da ƙuri'a 187 a kan 168. Ya rasu yana kan kujerar gwamna a watan Oktoban 1793, yana da shekara 56.